Kundin Ma'aikata da Littafin Aljihu: Sharhi Kan Janyo Tikitin Aiki Zuwa Manhajar Rubutu

A 'yan shekarun nan wata muhawara ta yawaita tsakanin masu rubuta manhaja da manajojin ayyuka: shin ya dace ma'aikaci ya janyo ayyukan da aka ɗora masa a Jira ko GitHub zuwa cikin manhajar da yake ajiye rubuce-rubucensa na kansa, irin su Obsidian ko Notion? Wasu na cewa hakan ya rage musu wahala ƙwarai. Wasu kuma na ganin ɓata lokaci ne, har ma ganganci ne da sirrin ma'aikata. Wanda ya saurari ɓangarorin biyu da kyau zai tarar sau da yawa ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Kalma ɗaya suke faɗa, wato "daidaitawa", amma a ƙarƙashinta akwai ayyuka huɗu daban-daban, kowanne da amfaninsa da haɗarinsa. Rashin bambance su ne tushen ruɗanin.

Ma'anar kalmomi

Manhajar bibiyar aiki ita ce wurin da ƙungiyar ma'aikata ke rubuta duk abin da za a yi, da wanda zai yi shi, da inda aka kwana. Jira, da sashen matsaloli na GitHub da GitLab, da Linear, da Trello, duk wannan aikin suke yi. Kowane aiki guda ana kiransa tikiti, aron kalmar da muka sani a tashar mota. Tikiti yana da lamba, da take, da bayani, da sunan wanda aka ɗora wa, da matsayi: ba a fara ba, ana kai, ko an gama. A ƙasansa abokan aiki kan yi ta tsokaci. A Jira lambar kan zo da gajeren sunan aikin a gaba, misali KUDI-214, kuma da ita ake kiran tikitin a taro da saƙonni.

Manhajar rubutu ta kai ita ce inda mutum ɗaya ke ajiye tunaninsa: abin da aka faɗa a taro, dabarar da ya gwada ba ta yi ba, jerin abin da zai yi gobe. Obsidian, Logseq, Notion, Evernote da OneNote na cikin sanannu.

Daidaitawa kuwa ita ce a sa na'ura ta riƙa kula da wurare biyu, idan abu ya canza a nan ya canza a can ba tare da an kwafa da hannu ba. Hanyar da manhaja ɗaya ke neman bayani daga wata ana kiranta API, kamar tagar da ofis ke buɗewa don karɓar buƙatu daga waje. Galibi ba kowa ake saurara a tagar ba sai mai shaida, wato wasu dogayen haruffa na sirri da masu sana'ar ke kira token, wanda a nan za a kira shi makulli.

Misali mafi kusa shi ne na babban shago. Akwai kundin ciniki da ke kan tebur, wanda maigida da yaran shago duka ke dubawa, kuma abin da ke cikinsa shi ne hujja ranar lissafi. Akwai kuma ɗan littafin da yaron shago ke sawa a aljihu, inda yake rubuta cewa wane ba ya son a kira shi da safe, wane kuma sai an bi shi sau uku kafin ya biya. Duka biyun suna da amfani, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Asalin lamarin

Manhajojin bibiya sun girmi na rubutun zamani. Bugzilla ta fito a 1998 daga aikin Mozilla, don bin diddigin kurakuran manhaja. A 2002 kamfanin Atlassian, wanda Mike Cannon-Brookes da Scott Farquhar suka kafa a birnin Sidni na Ostireliya, ya fitar da Jira. GitHub ya zo a 2008, kuma Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Waɗannan duk an gina su ne don jama'a: kowa ya ga abin da kowa ke yi, shugaba ya san inda aiki ya tsaya.

Ɗaya ɓangaren yana da nasa tarihin. Masanin zamantakewa ɗan Jamus, Niklas Luhmann, ya bar katunan rubutu kusan 90,000 da ya ɗaure su da juna ta hanyar lambobi, kuma tsarinsa ya zama abin koyi ga masu son tara ilimi a tsare. A 2001 David Allen ya fitar da littafinsa Getting Things Done, wanda ya yaɗa ra'ayin cewa mutum ya tattara duk abin da ke wuyansa a wuri ɗaya da ya amince da shi. A 2004 John Gruber ya ƙirƙiro Markdown, wata hanya mai sauƙi ta tsara rubutu da alamomi kaɗan, wadda kowace kwamfuta ke iya buɗewa. Da Roam Research ta bayyana a 2019, sannan Obsidian ta fito a 2020 daga hannun Shida Li da Erica Xu, sai tara rubutu masu haɗe da juna ya zama ruwan dare a tsakanin masu aikin kwamfuta. Obsidian tana ajiye komai ne a matsayin fayilolin Markdown a kan na'urar mutum.

Daga nan haɗuwar ta zama dole. Mutumin da ya saba rubuta komai a wuri ɗaya, amma ayyukansa na hukuma suna wani wuri, ba zai daɗe ba zai nemi gada. Notion ta buɗe API ɗinta ga jama'a a 2021, masu sa-kai suka rubuta ƙananan manhajojin ƙari ga Obsidian da ke karanto Jira da GitHub, kamfanoni irin su Zapier da Make kuma suka mai da haɗa manhajoji sana'arsu.

Abin da ke jan mutane

Dalili na farko shi ne gajiyar kai-komo. Wani bincike da mujallar Harvard Business Review ta buga a 2022 ya gano cewa ma'aikatan da aka bibiya suna sauyawa tsakanin manhajoji da shafuka kusan sau 1,200 a rana. Duk sauyi yana yanke zaren tunani. Wanda ke tsara ranarsa a Obsidian yana son ya ga tikitocinsa a shafi ɗaya da sauran abin da ke gabansa.

Na biyu, akwai maganar da ba ta dace da kundin jama'a ba. Zato da ba a tabbatar ba, tambayar da mutum ke jin kunyar yi, tarihin hanyoyi uku da ya bi suka ɓaci kafin ya dace: waɗannan suna da daraja ga mai su, amma a tikiti za su zama hayaniya.

Na uku, tikiti yana mutuwa da zarar an rufe shi, amma darasin da aka koya yana da sauran amfani. Bayan shekara biyu, idan irin matsalar ta dawo a wani aiki, rubutun kai ne zai tuna wa mutum yadda aka yi.

Na huɗu shi ne samun bayani ba tare da intanet ba. Wannan ya shafi duk wanda ke aiki wa kamfanin waje daga inda layi ke yankewa ko wuta ke ɗaukewa, ko a Kano yake ko a Maraɗi. Ko a inda layi ke da ƙarfi ma, sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, na iya faɗuwa. A watan Afrilun 2022 wani umarnin gogewa da aka aiwatar bisa kuskure a Atlassian ya shafe shafukan abokan ciniki 775, wasu suka kai kusan mako biyu kafin a dawo musu da Jira ɗinsu. Masu kwafi a na'urarsu sun fi samun abin kamawa a wancan lokacin.

Hanyoyi huɗu da ake kira da suna ɗaya

Hanya ta farko ita ce mahaɗi kawai. Mutum ya rubuta lambar tikiti a rubutunsa, ta zama abin latsawa da ke kai shi Jira. Babu abin da aka kwafo. Ita ce mafi sauƙi, kuma ba ta taɓa yin ƙarya, domin ba ta faɗi komai ba.

Ta biyu ita ce taga mai rai. Duk lokacin da aka buɗe shafin, manhajar za ta tambayi Jira ko GitHub, ta nuna take da matsayin tikitin na wannan lokacin, ba tare da ta ajiye shi ba. A Jira ana iya rubuta tambaya da yarenta na bincike mai suna JQL, misali a ce a nuno duk tikitin da ke wuyana wanda ba a gama ba. Rauninta shi ne idan babu intanet, taga ta rufe, kuma binciken cikin rubutu ba ya ganin abin da ba a ajiye ba.

Ta uku ita ce kwafi mai tafiya gefe ɗaya. Ana sauko da tikitoci su zama fayiloli a na'urar mutum, ana sabunta su lokaci-lokaci, amma abin da ya rubuta a nasa ɓangaren ba ya komawa. A nan ana samun bincike, da aiki ba layi, da damar ɗaure tikiti da sauran rubutu. Farashinsa shi ne kwafin na iya tsufa, kuma bayanan ma'aikata sun bar gidansu.

Ta huɗu ita ce daidaitawa ta gefe biyu. Mutum ya canza matsayi ko ya gyara bayani a rubutunsa, canjin ya bayyana wa kowa a kundin jama'a. Ita ce mafi burgewa a ido, kuma ita ce mafi yawan kawo rigima.

Mai yabon daidaitawa galibi ta biyu ko ta uku yake nufi. Mai suka kuwa galibi ta huɗu ce a ransa, ko kuma fitar bayanai da ke cikin ta uku. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Yadda abin ke aiki ta ciki

Akwai hanya biyu da labarin canji ke isowa. Ko dai manhajar ta riƙa leƙawa duk bayan 'yan mintoci tana tambayar ko akwai sabo, ko kuma kundin ya aiko saƙo da kansa da zarar an taɓa wani abu. Hanya ta biyu ta fi sauri, amma tana buƙatar adireshin intanet da ke buɗe dare da rana, abin da kwamfutar cinya ba ta da shi. Don haka yawancin masu rubutun kai leƙe suke yi. Leƙen ma yana da iyaka: GitHub yana ba mai makulli damar buƙatu 5,000 a awa, wanda ba shi da makulli kuma 60 kacal. Mai dabara yana neman abin da ya canza tun leƙen ƙarshe ne kawai, ba ya kwaso komai daga farko.

Sai batun fassarar tsari. Tikitin GitHub da Markdown ake rubuta shi, don haka yana shiga Obsidian cikin sauƙi. Jira kuwa tana da nata tsarin rubutu, sai an juya shi. A wajen juyawar ne teburori ke karkacewa, hotuna su ɓace, ambaton sunan abokin aiki ya koma wasu lambobi marasa ma'ana. Idan tafiyar gefe ɗaya ce, wannan ɗan muni ne kawai a shafin mutum. Idan ta gefe biyu ce, rubutun da ya lalace yana iya komawa ya danne na asali da kowa ke karantawa.

Akwai kuma batun suna. Idan an sa wa fayil sunan taken tikiti, ranar da aka canza taken za a wayi gari da fayil biyu. Lambar tikiti ta fi tabbata, ko da yake a Jira ita ma tana canzawa idan aka mai da tikitin wani aikin daban.

Inda gizo ke saƙa: wa ke da gaskiya?

A ɗauka ma'aikaciya tana cikin jirgi babu layi, ta mai da tikiti zuwa "an gama" a rubutunta. A daidai lokacin mai gwaji ya gano kuskure, ya mai da shi "ana kai" a Jira, ya ƙara bayani. Da ta sauka layi ya dawo, wanne za a ɗauka? Ƙa'idar da yawancin ƙananan manhajoji ke bi ita ce wanda ya zo ƙarshe ya yi nasara. Ma'ana, ɗaya daga cikin canje-canjen zai ɓace shiru, ba wanda aka sanar.

Masana kimiyyar kwamfuta sun daɗe da sanin wannan matsala. A 2019 Martin Kleppmann da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Ink & Switch sun fitar da maƙala kan manhajojin da ke fifita ajiya a na'urar mai su, inda suka tattauna dabarun haɗa canje-canjen mutane da yawa ba tare da asara ba. Sai dai irin waɗannan dabaru suna aiki ne idan an gina ɓangarorin biyu a kansu tun farko. Jira da fayil ɗin Markdown ba a gina su don juna ba. Ko da an iya haɗa haruffa, na'ura ba za ta iya yanke hukuncin ko aiki ya gamu ko bai gamu ba. Wannan hukuncin mutane ne.

Gogewa ma haka take. Idan mutum ya share fayil don ya tsabtace rubutunsa, shin a rufe tikitin? Idan an cire shi daga aikin, shin a goge fayil ɗin da ya cika da tunaninsa na wata shida? Kowace amsa tana da wanda za ta cuta. Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya, kuma kundi biyu ba sa zama hujja a kan abu ɗaya.

Tsaro da doka

Nan ne masu suka suka fi ƙarfin hujja. Makullin da aka bai wa manhajar ƙari sau da yawa yana da dukkan ikon mai shi. A wasu manhajojin ana ajiye shi a fili cikin fayil ɗin saiti, wanda ke iya bin sauran rubutu zuwa waya, ko rumbun ajiya na intanet, ko ma wani wuri da jama'a ke gani. Obsidian da kanta tana zuwa da manhajojin ƙari na masu sa-kai a kashe, kuma tana gargaɗin cewa idan an kunna su suna iya taɓa fayilolin na'ura.

Haɗarin ba zato ba ne. A Afrilun 2022 GitHub ya sanar cewa an yi amfani da makullan da aka sace daga kamfanonin Heroku da Travis CI wajen sauke bayanan ƙungiyoyi da dama. A kutsen da aka yi wa kamfanin LastPass a wannan shekarar, ta kwamfutar gida ta wani babban injiniya aka bi aka kai ga rumbun kamfanin. Darasin ɗaya ne: ɓarawo yana neman katangar da ta fi gajarta.

Tikiti kuma ba fanko ba ne. Yakan ƙunshi sunan abokin ciniki, lambar wayarsa, hoton allonsa, ko bayanin wata ɓaraka da ba a toshe ba tukuna. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, duk suna ɗora wa ma'aikata alhakin sanin inda bayanan mutane suke. Kwafin da ke wayar ma'aikaci, wanda kamfani bai san da shi ba, ba zai gogu ba ranar da mai bayanin ya nemi a goge, kuma yana tafiya da ma'aikacin ranar da ya bar aiki.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon baya suna cewa ma'aikaci ba injin rufe tikiti ba ne. Yana buƙatar wurin tunani nasa, kuma idan an hana shi gada zai kwafa da hannu, wanda ya fi yawan kuskure. Shugaban Obsidian, Steph Ango, ya shahara da ra'ayin cewa fayil ya fi manhaja daɗewa, don haka abin da mutum ke son ya ɗore ya ajiye shi a tsarin da yake iko da shi.

Manajoji da dama suna da wata damuwar daban da tsaro. Suna tsoron ilimi ya koma aljihu. Idan kowa yana rubuta ainihin abin da ya gano a littafinsa, tikiti ya zama ƙwarya ba hatsi, ranar da mutum ya tafi hutu ko ya bar aiki sai a rasa inda aka kwana.

Akwai kuma ra'ayi na uku, na waɗanda suka gwada suka bari. Su cewa suke gyaran gadar ya fi tafiyar cin lokaci. Manhajojin ƙari yawanci mutum ɗaya ne ke kula da su a lokacin hutunsa, kamfanoni kuma suna canza API ɗinsu. Da Atlassian ta daina tallafa wa wani nau'in Jira mai zama a sabar abokin ciniki a Fabrairun 2024, ƙungiyoyi da yawa sun koma ta intanet, inda hanyar shiga da tsarin rubutu suka bambanta, abubuwan da aka gina a kan tsohuwar suka buƙaci gyara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, in ji su.

Matsakaiciyar hanya

Idan aka auna hujjojin, akwai tsarin da ke ɗaukar yawancin amfanin ya bar yawancin haɗarin. Kundin jama'a ya zama shi kaɗai ne hujja kan matsayi, da mai aiki, da wa'adi. Bayani ya gangaro gefe ɗaya kawai. A janyo kaɗan: lamba, take, matsayi da mahaɗi, a bar cikakken bayani da tsokaci da hotuna a gidansu. A cikin fayil a raba yankin da na'ura ke sabuntawa da yankin da mutum ke rubutu, don sabuntawa kada ta danne tunaninsa. A rubuta lokacin leƙen ƙarshe a saman shafi, don a san shekarun kwafin. Makulli ya zama na karatu kawai, mai wa'adi, mai iyaka ga aiki ɗaya, irin wanda GitHub ya fara bayarwa a 2022. Kafin komai kuma a nemi izinin ma'aikata.

Sai sharaɗin da babu manhajar da za ta cika wa mutum: duk abin da ya zama shawara ko sakamako, ya ɗauka da hannunsa ya kai tikiti, cikin kalmomin da abokan aiki za su gane.

Abin da ake hange

Iyakar da ke tsakanin manhajojin biyu tana raguwa. Notion ta shigo da jadawalin da ke nuna tikitocin Jira da GitHub kai tsaye, masu kundin bibiya kuma suna ƙara wuraren rubutu a nasu. Mataimakan ƙirƙirarriyar basira da ke karanta kundi da rubutu a lokaci ɗaya za su rage buƙatar kwafi, amma za su ƙara nauyin tambayar wa aka ba makulli, kuma me zai iya taɓawa da shi.

Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce a daidaita ko kada a daidaita ba. Ita ce: wace hanya cikin huɗun ake nufi, me zai fita daga gidan ma'aikata, kuma idan wuraren biyu suka saɓa, wanne za a bi? Yaron shagon da ya san aikinsa yana riƙe littafin aljihunsa, yana kuma amfana da shi, amma kafin a rufe shago sai ya tabbatar cinikin ranar ya shiga babban kundi.